Fuskar Takwara a Bango

Kaka ba ta taɓa sanin akwai inda mutum zai kai kansa da ƙafarsa a haska masa wuta a fuska ba, sai ranar da jikarta ta dawo gida kumatu a kumbure, suna sheƙi kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Yarinyar sunan Kaka aka sa mata, shi ya sa tsohuwar ba ta kiran ta da komai sai Takwara. A hannunta ta tashi tun rasuwar uwarta, da ƙarar injin markaɗen da Kaka ke sana'a da shi a bakin ƙofa aka yaye ta, da shi aka yi mata makaranta.

Abin da ya kai ta wurin ma bai taka kara ya karya ba. 'Yan ƙuraje ne a haɓa da gefen kumatu, sai ɗan tabon da suke bari in sun tafi. In ta shafa hoda ba mai cewa akwai su. To amma ita ce mai karɓar baƙi a wani otal, wuni take a tsaye ana kallon ta, abokan aikinta kuma suka yi ta zuga ta cewa akwai wani inji, lesa sunansa, haske ne kawai ake bi da shi a kan fata, sai mutum ya tashi kamar yau aka haife shi.

Kumburin ya sace, fatar ta saɓule, sai ga abin da ke ƙarƙashi. Baƙaƙen tambura ne a jere, layi-layi, daga kunne zuwa gefen hanci, kamar an ɗauko kan ƙarfe mai zafi an yi ta danna mata. A tsakaninsu kuma wasu wuraren sun yi fari fat. Takwara ta koma shagon ta nuna musu. Suka sake ɗaukar hoton fuskar kamar yadda suka yi ranar farko kafin a taɓa ta, wai za a nuna wa likita, sannan suka ce mata injinsu ba ya ƙona kowa, sai dai in tana shafa man bilicin a ɓoye, ko ta shiga rana bayan an hana ta. Manajan otal ya ce ta je gida ta huta tukuna. Bayan wasu 'yan kwanaki ta shige ɗakinta ta danna sakata, ba ta fitowa sai in ta tabbata ba kowa a tsakar gida.

"Takwara, buɗe ki karɓi abinci."

"Ajiye a nan, Kaka."

"Na jiya ma a nan na ajiye, kuliya ce ta yi min godiya. Ke buɗe, ni ban ga abin da ban taɓa gani ba. Ni na wanke miki kashi."

"Kaka, ki ƙyale ni. Ni na ja wa kaina. Sun ce ni ce."

Wannan maganar ce Kaka ta kasa yarda da ita. Ta san duk kwalbar da ke ɗakin nan, ita ke share shi. Ta san yarinyar ko man gashi sai ta sinsina ta karanta kafin ta shafa. Amma ga shi an faɗa mata ƙarya da farar riga a jiki, ta haɗiye, tana zaune a duhu tana cin kanta. Uban yarinyar, ɗan Kaka ne na fari, direban motar kaya, ya ce a yi haƙuri a bar wa Allah, irin mutanen nan ba a ja da su.

"Uwarta na bar wa Allah, don Shi Ya ɗauka," in ji Kaka. "Wannan kuwa hannun mutum ne. Wanda ya yi zai zo nan, ya tsaya a bakin ƙofar nan, ya faɗa mata da bakinsa cewa shi ne. In ba haka ba yarinyar nan a ɗakin nan za ta ruɓe, kai kana can kana haƙuri."

Da safe ta rufe injin da buhu, ta sallami masu bokitai, ta ɗauki ledar da aka ba Takwara a shagon. Karatu dai ba ta yi ba, ko sunanta aka rubuta ba za ta gane ba, amma ledar tana da zanen fure da rubutu, ta miƙa wa mai tasi ta ce ya kai ta inda aka yi wannan.

Bene ne, shagon yana hawa na sama. Ta hau tana dafa gwiwa tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro matakala. Ƙofar gilashi ta buɗe, wani sanyi mai ƙamshi ya buge ta. Kujeru masu laushi, fitilu ko'ina da rana tsaka, mata a zazzaune kowacce ta dulmiya cikin wayarta. A bayan wani dogon tebur akwai wata yarinya da gashin ido zara-zara kamar tsintsiya. Ta dubi Kaka daga silifas zuwa mayafi.

"Sannu Mama. An ba ki lokaci ne?"

"Wa zai ba ni lokaci? Mai wurin nake nema."

"Madam tana ciki, tana da baƙi. Me za a yi miki?"

"Ni? Ni an gama yi min. Ki ce mata kakar yarinyar da kuka gasa ce ta zo."

Gashin idon ya yi sama ya yi ƙasa. "Mama, a nan ba ma gasa kowa. Ki zauna, in ta fito zan gaya mata."

Kaka ta zauna, ba don an ce ta zauna ba, don gwiwar ce ta nema. Kujerar ta nutse da ita har sai da ta riƙe hannunta. Kusa da ita wata mata ce mai jiki, da 'yarta budurwa wadda goshinta ya cika da ƙuraje, tana ta sunkuyar da kai. A bangon da ke fuskantar su an kafe wata ƙatuwar talabijin marar sauti. Hotuna take nunawa bibbiyu, mutum ɗaya a gefe da gefe, nan fuska da tabo, nan fuska sumul. Su daɗe kaɗan, su wuce, wasu su zo. Kaka tana kallo tana taɓe baki.

Sai ga Takwara.

Fuskar jikarta ce ta cika bango, ta fi tagar ɗaki girma, kowane tambari a fili, ido ya yi ja don kuka. A gefenta kuma ga Takwarar da ta sani, da rigar aikinta, da hoda, tana ɗan murmushin nan nata na jin kunyar kyamara. A ƙarƙashin kowanne akwai rubutu. Kafin ta haɗiye yawu hoton ya wuce, wani mai gemu ya maye gurbinsa.

Kaka ta zauna baki buɗe. Ta ce ko idonta ne, ko tunanin yarinyar ne ya yi mata yawa. Ba ta ƙifta ba har hotunan suka zagayo. Ga ta nan kuwa. Kaka ta damƙi hannun matar da ke kusa da ita.

"'Yar nan, don girman Allah karanta min. Me aka rubuta a ƙarƙashin wancan, mai ƙunar?"

"Wancan? An rubuta, kafin a yi magani."

"Ɗayan fa?"

"Bayan an yi." Matar ta gyara zama, fuskarta ta washe. "Kin ga aiki ko, Mama? Ai ni saboda hoton nan na kawo 'yata. A waya na gan shi, ko'ina shi ake turawa. Na ce in dai sun iya gyara waccan fuskar, to tata wasa ce."

"Sake faɗa."

"Na'am?"

"Wanne ne kafin?"

Matar ta nuna da yatsa. Kaka ta bi yatsan da kallo, ta ce innalillahi a hankali, ta sake cewa, har sau nawa ba ta sani ba. A waya, ko'ina. Sai yanzu ta gane abin da 'yan matan unguwa ke leƙawa in sun kawo markaɗe, su haɗa kai a kan waya, in ta juyo su yi tsit. Sai yanzu ta gane ba ƙunar kaɗai ce ta sa Takwara danna sakata ba. Kowa ya gani. Uban ma ƙila ya gani. Ita kaɗai aka bari tana ɗaukar kwano tana ajiyewa a bakin ƙofa kamar wawuya.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba, gwiwar ma ba ta yi magana ba. Ta je ta tsaya a ƙarƙashin talabijin ta juyo ta fuskanci mutane.

"Ku ajiye wayoyin nan ku dube ni! Yarinyar da za ta fito yanzu jikata ce. Mai kyan nan, haka ta shigo nan da ƙafarta. Mai ƙunar nan, haka suka mayar min da ita. Juya hoton suka yi! Suka ƙone ta, suka ce ita ta ƙone kanta, sannan suka kafe ta a bango suna kiran kasuwa da ita!"

"Mama, don Allah ki rage murya," in ji mai gashin ido, ta taso da gudu.

"In rage in kai ina? Ke matsa, kada tsintsiyar idonki ta tsone ni. Ga ta nan, ku duba! Ku duba da kyau!"

Hoton ya zo. Matar nan mai jiki ta dafe ƙirji, ta jawo 'yarta jikinta. Wata da ke can gefe ta ɗaga waya ta fara ɗauka.

Ƙofar ciki ta buɗe, Madam ta fito. Doguwa ce, fatarta kamar ba ta taɓa ganin rana ba, takalminta yana ƙwas-ƙwas. Murmushi ta zo da shi, irin na wanda ya saba kashe wuta.

"Haba Mama, me ya yi zafi? Mu shiga ofis mu yi magana."

"A nan kuka kafe ta, a nan za mu yi. Ke ce mai wurin?"

"Ni ce."

"Kin san yarinyar nan?"

Madam ta ɗaga kai ta dubi bango. "Wannan ai tana cikin aikin da muke alfahari da shi. Kowa ya ga yadda ta zo da yadda ta tafi."

"Kin taɓa ganin ta ido da ido?"

"Mutane da yawa ke zuwa, Mama, ba kowa nake..."

"To ni na gan ta yau da safe, ta ramin ƙofa. Fuskar da kika ce an warkar tana can a ɗakina, ba ta ci ba ta sha. Taso mu je ki ga alfaharinki."

Murmushin ya ɗan karkace. Madam ta ce ba zai yiwu ba, kuskure ne Mama take yi, ƙila kama ce. Ta ciro waya ta ce bari ta kira mai yi musu talla, shi ke haɗa hotunan, yanzu kowa zai ji. Har ta buɗe muryar don mutane su shaida. Wayar ta yi ta ƙara, sannan wani ya ɗauka da muryar mai cin abinci.

"Hoton yarinyar nan mai rigar otal," in ji Madam, "wa ya gaya maka wanne ne na farko, wanne ne na ƙarshe?"

"Wa zai gaya min, Madam? Hotuna biyu aka turo min na mutum ɗaya, ɗaya fuska a lalace, ɗaya fes. Ai ba sai an faɗa ba. Kullum haka nake yi, mai munin a farko, mai kyan a ƙarshe. Ko ba ki ga yadda ya karɓu ba? Ba mu taɓa yin wanda ya yi yawo kamarsa ba."

Madam ta kashe wayar. Ta sake duban bangon, ta dubi Kaka. Mai gashin ido ta lallaɓa ta zare wayar wutar talabijin, bangon ya yi baƙi.

"Kashe shi ya goge na wayoyin mutane?" in ji Kaka. "Ya goge na fuskarta?"

"Mama, wallahi ban sani ba. Yau za a sauke shi, ko'ina. Ki kawo ta, za mu sake yi mata, kyauta, har sai..."

"Ki sake yi mata me?" Kaka ta matso har sai da Madam ta ja baya. "Ki sake kunna mata wutar? Ashe ba ki da hankali, tsayin ne kawai. Ni ba kyauta na zo nema ba, ba bara nake ba, ina da injina. Abu ɗaya na zo ɗauka. Kun ce mata ita ta yi wa kanta, ta yarda. Za ki bi ni, ki tsaya a ƙofar ɗakinta, ki ce mata ƙarya kuka yi, ku ne."

Nan fa Madam ta dawo cikin hayyacinta. Ta gyara tsayuwa, ta dubi wadda ke ɗauka da waya, ta sassauta murya.

"Hoto kuskure ne, na karɓa. Amma abin da ya sami fatarta, wannan ba zan iya cewa komai ba sai likitanmu ya duba."

"Kira shi."

"Ba ya nan yau."

"Yaushe yake nan?"

Matar nan mai jiki ce ta miƙe, har yanzu tana riƙe da 'yarta. "Tsaya, Madam. Ni an ce min likita ne ke yi. In ba ya nan, wa zai yi wa 'yata yanzu?"

Kowa ya juya. A bakin ƙofar ciki wata mata take tsaye da farar riga, safar roba a hannu, wani baƙin tabarau a rataye a wuya. Ba yarinya ba ce, za ta yi sa'ar uwar Takwara da tana raye. Tun fitowar Madam take nan, ba wanda ya kula da ita. Fuskarta ta yi fari kamar toka.

"Koma ciki," in ji Madam.

Ba ta koma ba. Kaka ta taka zuwa gabanta, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ce likitan?"

"A'a, Mama."

"Ke mece ce?"

"Da wankin kai nake yi a nan, da gyaran farce. Da aka kawo injin, wanda ya kawo ya nuna min yadda ake riƙewa. Likitan sunansa ne a ƙofa."

"Na ce ki koma ciki!"

"Ke kika yi wa jikata?"

Idon matar ya kawo ruwa. "Ni ce. Yadda mutumin ya saita injin haka na bar shi, ban san ana ragewa ba. Waɗanda na yi wa kafin ita duk farare ne, ba abin da ya same su. Ban taɓa yi wa mai duhun fata irin nata ba. Tun a layin farko ta ce min yana ƙona ta. Na ce ta daure, alamar yana aiki ne."

"Ta ce yana ƙona ta."

"Ta faɗa. Har ta riƙe min hannu."

"Kika ci gaba."

"Na ci gaba."

Duk kwanakin nan Kaka tana ta zana wanda ya yi abin a ranta, ƙato, mai girman kai, wanda za ta ci wa kwala. Ga shi ta samu mai wankin kai, tana kuka, hanci na zuba. Hannunta ya ɗaga da kansa, ya tsaya a sama, sannan ya sauko ya damƙi wuyan hannun matar.

"Da ta dawo, wa ya ce mata bilicin take?"

"Ni ce. Haka aka ce mu riƙa faɗa in an kawo ƙara. Ranar da na ga hoton a bango na kasa cin abinci. Madam har yaba min ta yi a gaban kowa, ta ce na iya aiki. Na yi shiru."

"To yau za ki yi magana. Mu je."

"In kika taka ƙofar nan," in ji Madam, "kada ki dawo."

Matar ta tsaya. "Ina da yara, Mama," ta ce a hankali.

"Ni ma ina da ita. Guda ɗaya ce, kin gan ta a bango." Kaka ba ta saki ba, ba ta kuma ja ba. "Ba zan ɗauke ki ba, gwiwata ba za ta iya ba. Da ƙafarki za ki."

Matar mai jiki ta riga su fita, tana jan 'yarta tana salati, wasu biyu suka bi bayanta. Mai farar riga ta dubi ƙofar ciki inda injin yake, ta dubi kujerar da budurwar nan mai ƙuraje ta tashi daga kai. Da hannu ɗaya ta cire tabaraun daga wuyanta ta ajiye a kan tebur. Suka sauka matakalar tare, tsohuwa a gaba.

Da mota ta sauke su a gida, rana ta take, masu markaɗe sun sake taruwa a bakin ƙofa da bokitansu. Suka ga Kaka riƙe da mace mai farar riga, suka buɗe baki.

"Yau babu," in ji Kaka. "Ku je ku kalli waya, ai kun iya."

Ta mayar da ƙofar gida ta rufe. Kwanon safe yana nan inda ta ajiye shi, ƙudaje sun samu. Ta ture shi da ƙafa, ta buga ƙofar ɗakin.

"Takwara, na je. Na ga abin da kuka ɓoye min, ke da ubanki da duk unguwa. Wannan za mu yi shi daga baya. Yanzu ga baƙuwa na kawo miki, ba sai kin buɗe ba, kunne kawai nake so." Ta tura matar gaba. "Faɗa. Da ƙarfi, ƙofar tana da kauri."

Matar ta share hanci da hannun riga. "Ƙanwata, ni ce wadda ta yi miki. Kin gane muryata?"

A ciki aka ji gado ya yi ƙara.

"Ba ke ba ce. Ba mai ba ne, ba rana ba ce, ba abin da kika yi. Injin ne ya yi wa fatarki ƙarfi, ni kuma ban san yadda ake rage shi ba, don ni ba likita ba ce. Kin ce min yana ƙona ki, ban tsaya ba. Da kika dawo na yi miki ƙarya. Ni na ƙona ki."

Matar ta faɗa ta sake faɗa. Kaka tana tsaye ta harɗe hannu, idonta a kan sakata. An daɗe. Har ta fara tunanin ko duk wahalar banza ta yi, sai ƙarfen ya yi ƙara.

Takwara ta fito cikin hasken rana, ba mayafi, ba komai a fuska. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Mai farar riga ta kalle ta sau ɗaya ta toshe baki da hannu biyu, ta durƙushe a wurin. Kaka kanta sai da numfashinta ya ɗauke, don rabonta da ganin fuskar a fili tun kafin a danna sakata, hoton bango kuma ashe bai nuna rabi ba. Ta cije leɓe ta hana fuskarta motsi.

Takwara ba ta dubi kakarta ba. Matar da ke ƙasa take kallo.

"Na riƙe miki hannu," ta ce.

"Kin riƙe."

"Na yi ta tunani ko mafarki na yi. Na ce ƙila ban faɗa ba." Ta shafa kumatunta da yatsu. "Zai goge?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Sai likitan fata na gaske ya gani."

Takwara ta gyaɗa kai a hankali. Ta ɗaga ido ta dubi tsakar gidan, igiyar shanya, bokitin wanka, kamar baƙuwa.

"Kaka, kira Baba ya zo ya kai ni asibiti. Yau."

"Yanzu ma kuwa."

"Ita ma da ita za mu. Ta gaya wa likitan abin da ta gaya min, kada ya tambaye ni man da nake shafawa."

"Za ta," in ji Kaka. "Ai ba inda za ta koma."

Ta juya za ta ɗauko wayar da za a kira mata shi, ƙafafun suka ce ba su san zancen ba. Ta lallaɓa ta kife bokiti ta zauna a kai, ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Kaka, kuka kike?"

"Uban wa ke kuka? Matakalarsu ce ta kashe min gwiwa. Je ki wanke ido ki sa takalmi."